Zalɓe, Babur ɗin Tukur Mai Allura

Ni nake ɗinka wa Tukur wando tun muna samari, don haka idan na ce muku cinyarsa ta dama ta fi ta hagu da inci uku da rabi, ba labarin majalisa na kwaso ba, da tef na auna. Sunana Muttaka, tela ne ni a Haɗeja, shagona yana kallon ƙofar gidansa. Taubashina ne kuma, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, saboda haka ina da lasisin tsokanarsa tun daga zanen goyo har likkafani. Na kuwa mori lasisin nan fiye da kima, Allah ya yafe mini.

Tukur malamin dabbobi ne. Ba babban likita ba, mai allura dai, irin wanda yake ɗaure kular ƙanƙara cike da kwalabe a bayansa ya bi rugage yana yi wa shanu rigakafi. Mahaifinsa ya bar kiwo ya zauna a gari tun kafin a haife shi, amma shi sai ya taso da kewar shanun da bai taɓa mallaka ba. Idan ya kwana biyu bai shaƙi warin garke ba sai ya fara neman mutanen gida da faɗa. Abu guda yake tsoro a duniya, wani tebur ne a ofishinsu kusa da taga. Nan ake zaunar da duk wanda ya gaza shiga daji, a ba shi hatimi da tawada, ya yini yana buga wa takardun awaki har ranar ritaya. Ko wucewa Tukur zai yi ta gefen teburin nan sai ya tattare rigarsa don kada ta taɓa shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wata ƙungiya ta kawo musu babura shida, irin na daji, dogaye, masu tayoyi kaca-kaca da haƙora. Injinsu mai bugu huɗu ne, ba su da maɓallin tayarwa, sai kik. An turo wani mutum takanas daga nesa ya koya musu yadda ake tayar da su, aka ware masa awa guda cur a takardar tsarin taro. Aka buɗe da addu'a, aka gabatar da manyan baƙi, shugaba ya yi jawabi, mataimakinsa ya ƙara a kan abin da shugaba ya ce, wakilin makiyaya ya yi godiya, wani ya miƙe ya yi godiya a kan godiyar. Ko da aka zo kan mutumin an riga an kira la'asar, direbansa kuma yana ta danna hon saboda hanya ba kyau. Ya miƙe ya ce babura ne masu ƙarko, a kula da su, ya shige mota. Littafin bayanin kuwa a ranar mai tsire ya naɗe nama da shi.

Biyar daga cikin shidan ba su rufa shekara ba masu su suka jingine su a bayan ofis, kaji suka samu wurin saka. Na Tukur ne kaɗai ya rayu. Mutane suka sa masa suna Zalɓe, saboda dogayen ƙafafu da son shiga ruwa. Kuma a faɗi gaskiya, idan Zalɓe ya tashi babu irinsa. Yana keta taɓo, yana hawa jinga, yana ratsa ciyawar kacala ya ɓulla rugagen bayan Kirikasamma da ƙaramin babur ba ya ko mafarkin zuwa da damina. Abin da ya hana Tukur zaman tebur ke nan, domin shi kaɗai yake kaiwa can. Matsalar dai ita ce tashin.

A satin farko ya kafe shi a bakin fadama, ƙarfen kafewar ya nutse a taɓo, babur ya kife, ƙarfen ya karye. Ya zo gida ya jingina shi da katanga, babur ya zame ya fasa wa matarsa Zinariya randa biyu da tukunyar tsimi. Nan Tukur ya tuna maganar mahaifinsa, cewa dabbar da ta kwana a tsaye ba ta da lafiya. Ya je kasuwa ya sayo tabarma sabuwa. Tun daga ranar, duk inda ya tsaya sai ya kama kan Zalɓe ta ƙaho biyu, ya murɗa, ya kwantar da shi a gefe yadda ake kayar da bijimi za a yi masa allura, har yana yi masa "sannu, sannu". Da safe a tarar da tabarma ta jiƙe, gida ya ɗauki warin fetur.

Zinariya ta ce, "Baban Adila, abin nan fa zuba yake yi."

Ya ce, "Fitsari ne. Dabbar da ba ta fitsari ita ce abin tsoro."

Babu wanda ya ga aibun haka a cikinmu. Ni da nake ganin kaina da wayo, cewa na yi ya ƙara masa da matashin kai.

Kowace safiya bayan an sha koko, sai Tukur ya tayar da Zalɓe tsaye, ya turo shi ƙofar gida, ya naɗe ƙafar wandon da na ɓata lokaci na goge, ya yi bisimilla ya haye. Daga nan sai kik. Ina daga kan keken ɗinkina ina ƙirgawa da ƙarfi don ya ji. Ranar sa'a talatin da wani abu. Ranar da aka yi ruwa yakan haura tamanin. Matan unguwa sun san cewa idan suka ɗora ruwan tuwo a kik na farko, kafin Zalɓe ya yi tari ya tafasa. Mafi muni shi ne Zalɓe yana ramawa. Sai mutum ya sako nauyinsa duka, ƙarfen ya tsaya cak a tsakiya ya dawo da ƙarfi ya harbi ƙafa, a ji Tukur ya yi salati ya diro yana tsalle da ƙafa ɗaya. Ni kuwa in leƙo in ce masa, "Bawana, yau ma ubangidanka bai yarda ba?" Ya ce in jira ya tashi, zai bi ta kaina da shi.

Ba a rasa masu taimako ba, don a garinmu ba a ganin mutum cikin wahala a wuce. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ajiye kayansa ya ce a ba shi ya gwada, ba kuma a hana mai neman lada. Kowa da irin hikimarsa, amma abu guda suka haɗu a kai. Kafin mutum ya taka kik sai ya murɗa totur sau biyar ko shida, yadda ya saba yi wa ɗan ƙaramin babur ɗinsa na kai shinkafa kasuwa. Akwai safiyar da na ƙirga mutum goma sha huɗu a layi, har da wani baƙo da ya zo tambayar hanyar tasha. Zinariya ta ga abin ya zama gayya, ta dama kunu ta aiko da shi a bokiti. Ni kaɗai ne ban taɓa takawa ba. Na ce ƙafata jarina ce, ba zan kai ta inda za a harbe ta ba.

Bakaniken Tukur wani ne Bala, can bakin kasuwa. Idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Tukur ya tura Zalɓe har garejin, ya jingina shi da bishiyar darbejiya, ya zauna jiran layi. Bayan awa biyu ko uku Bala ya zo, ya kwance fulogi, ya ga ya jiƙe ya yi baƙi, ya girgiza kai ya ce jabu ne, ya ɗaura sabo. Kik uku, Zalɓe ya tashi yana ruri. Haka aka yi ta yi har tsofaffin fulogai suka cika buhun gishiri, masunta suka ji labari suka riƙa zuwa roƙa suna ɗaurawa a gindin taru don ya nutse. Bala ya wanke kafireta ya fi sau ashirin. Ya canja waya, ya canja kwayil, ya taɓa ɗora laifin a kan man wani gidan mai, da aka canja gidan mai ya ɗora a kan iskar damina. Duk abin da ya yi, a gabansa lafiya lau, washegari a gida a koma gidan jiya.

Tukur ya zauna ya yi nazari irin na masu kiwo, ya gano cewa Zalɓe Bala yake ji wa. Ya ce mini idan maraƙi ya mutu uwar ta hana nono, ai fatarsa ake cusa wa ciyawa a ajiye mata, ta shinshina ta sake. Ya je ya roƙi Bala tsohuwar rigarsa ta aiki, wadda baƙin mai ya mayar kamar fata, ya ɗaure ta a kan fitila. Washegari Zalɓe ya tashi a kik na ashirin da tara. Tukur ya zo har shago ya tsaya a kaina ya ce in faɗa da bakina cewa ilimi ya yi rana. A kwana na biyu ya tashi a na saba'in. Ya ce warin ne ya fara sanyi, ya mayar wa Bala ya sa ta kwana biyu.

Wani direban tifa ya ba shi shawarar ya riƙa gangaro da shi daga tudu ya saki kuloci. Shawara ce mai kyau a garin da yake da tudu. Mu kuwa ƙasarmu shimfiɗe take, ko ruwa sai ya yi shawara kafin ya san inda zai gangara. Tukur bai karaya ba. Ya yi wata biyu yana ɗebo ƙasa a baro, ya tara tudu a ƙofar gidansa wanda ya kusa kai tsayin katanga, ya yi masa hanya a baya. Shi ne tudu mafi tsawo a unguwarmu har yau, awaki suna hawa shan iska, masu neman sabis na waya ma suna hawa. Turo Zalɓe sama yakan ci mutum uku, gangarowar kuma a ƙofar shagona take ƙarewa. Sau biyu yana shigo mini har gaban keke.

Da yake babu tudu a daji, sai ya yanke cewa idan Zalɓe ya tashi da safe ba za a kashe shi ba sai an dawo gida. Yakan samu wani ya riƙe masa shi a tsaye yana ɗan murɗa totur, shi kuma ya yi aikinsa. Haka yake yi wa shanu ɗari biyu allura injin yana ruri. Haka yake sallar azahar a bakin hanya. Ya taɓa zuwa ta'aziyya a Auyo, ya ba wa ƙanin mamacin riƙon babur, liman yana addu'a yana ɗaga murya, jama'a suna amsa amin a inda suka yi tsammani. Inda dabarar take karyewa shi ne mashigi. Idan ruwa ya cika, dole a kashe babur a kwantar da shi a kwale-kwale, yadda ake yi wa kowane babur a ƙasar nan. Da an sauka a wancan gaɓar kuma sai a buɗe sabon shafin kik. Masu fito suna cewa Zalɓe fushi yake yi don an ɗauke shi a jirgi alhali ya iya ruwa.

Duk wannan abin dariya ne a wurina har bara, lokacin da na lura Tukur ya daina zaman tahiya daidai, yana miƙe ƙafar dama gefe. Bana gwiwar ta kumbura. Zinariya ta matsa masa ya je asibiti aka ɗauki hoto. Likitan ya ɗaga hoton ya duba, ya dubi Tukur da furfurarsa, ya ce, "Baba, ƙwallo kake bugawa?"

Ya ce, "Babur nake tayarwa."

"Sau nawa a rana?"

"In Allah ya sa ya tashi da wuri, arba'in."

Likitan ya ajiye biro. Ya ce guringuntsin gwiwar ya cinye saura ƙiris, kada ya ƙara taka kik ko sau ɗaya, in ba haka ba wata rana za ta tafi gaba ɗaya. A satin kuma aka sanar a ofis cewa ciwon huhun shanu ya ɓulla a rugagen hayin Auyo, ana so a yi rigakafi kafin ƙarshen wata. Shugabansu ya kira Tukur ya ce masa cikin mutunci, in ƙafar ba za ta iya ba, ga tebur nan babu kowa a kai. Tukur ya ce ƙafarsa garau take, ya fito yana ɗingishi.

Zinariya ba ta yi masa gardama ba. Ta tattara duk takalmansa na ƙafar dama ta kai gidan yayarta, ta bar masa na hagu a jere. Da ta ga ya fara gwada kik da ƙafa ba takalmi, sai ta yafa mayafi ta tsallako shagona.

Ta ce, "Malam Muttaka, shekara goma sha ɗaya kana ƙirga masa. Ƙafarka yini take tana taka keke, ta fi ta kowa ƙwari a unguwar nan. Gobe za ka bi shi hayi, kai ne ƙafarsa."

Na fara kawo zancen ɗinkin bikin da ke gabana. Ta ce in ya dawo a kan amalanke, ni zan gaya wa Adila dalili. Na ji kunya, na ce Allah ya kai mu.

Da safe muka gangaro daga tudu, Zalɓe ya tashi, Tukur yana tuƙi da ƙafa a miƙe, ni a baya na rungume kula. Muka wuce gonakin shinkafa ruwa ya sha rabinsu, muka isa mashigi wajen hantsi. Mai fito da Tukur suka kama Zalɓe suka kwantar da shi a cikin jirgi. Mu biyar ne fasinja. A cikinmu akwai wani dattijo siriri mai hular da ta yi baƙi da mai, ana ce masa Malam Abubakar, mai gyaran injin ban-ruwa ne a ƙauyukan wajen. Yana rungume da wani ƙaramin inji a cinyarsa, a tsaye, duk tangaɗin da jirgi ya yi sai ya daidaita shi. Na tsokane shi na ce, "Baba, jariri ne?" Ya yi murmushi kawai. Na ga yana kallon Zalɓe a kwance, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya mayar da kai ga ruwa.

Muka sauka a hayi. Na naɗe wando, na haye, na murɗa totur sau shida kamar yadda na ga kowa yana yi, na taka. Babu abin da ya faru. A kik na goma na fara ganin taurari. A na ashirin da biyu Zalɓe ya harbe ni, na ji har cikin haƙorina, na tuna duk dariyar da na yi na ce lallai jiki magayi. A na talatin da ɗaya na zame na zauna a yashi ina haki. Rana tana ɗagawa, ƙanƙarar kula tana narkewa, ruga kuma da sauran tafiya.

Tukur ya dubi kula, ya dubi rana. Ya ce, "Matsa, tela. Ɗaya kawai zan yi."

Na ce, "Zinariya za ta kashe ni."

Ya ce, "Ba za ta sani ba."

Ya hau da silifa ɗin da ya ara a wurin mai fito, ya yi bisimilla, ya sako nauyinsa duka. Ƙarfen ya tsaya a tsakiya ya dawo. Muka ji ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an karya kara. Bai yi salati da ƙarfi ba wannan karon. Ya sauko a hankali ya zauna kusa da ni, ya riƙe gwiwar da hannu biyu, gumi yana tsattsafo masa.

Sai ga Malam Abubakar ya ajiye injinsa a tsaye a gindin wata giyayya, ya matso ya yi mana sannu. Ya ce, "Malam, in ba za ka ji haushi ba, in duba?"

Tukur ya ɗaga masa hannu.

Dattijon ya sa ni na riƙe Zalɓe a tsaye. Ya laluba ƙarƙashin tanki ya murɗa wani ɗan makulli. Ya ce, "Wannan kuna rufe shi in za ku kwantar da shi?"

Tukur ya ce, "Rufe shi ake yi?"

Dattijon ya buɗe murfin gefe ya zaro soson da yake tace iska, ya matsa shi, baƙin mai da fetur suka zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya kwance fulogi, ga shi sharkaf. Ya ce irin wannan injin ɗaya yake da na ban-ruwa, baƙin mansa a cikinsa yake kwance, shi ya sa ba a kifa shi. Da an kwantar da shi man zai bi ta inda iska take shiga ya toshe, fetur kuma ya malalo daga kafireta ya cika masa ciki. In aka zo aka murɗa totur kafin a taka, an ƙara masa wani fetur ɗin ke nan a kan wanda ya shaƙe shi. Ya tambaya ko yana daɗewa a kwance.

Na ce, "Baba, tabarma gare shi."

Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Ya ce, "Ikon Allah."

Ya wanke soson da ɗan fetur ya shanya a kan kara. Ya sa na yi ta taka kik fulogi a cire, ƙarfen yana tafiya sakayau, wani tururin mai yana fita ta ramin. Ya goge fulogin da gefen rigarsa, ya kankare bakinsa da reza, ya mayar. Sannan ya nuna wani ɗan ƙaramin hannu a ƙarƙashin na kuloci, inda carbin Tukur yake rataye.

"Wannan fa?"

Tukur ya ce, "Na rataye carbi ne."

Malam Abubakar ya cire carbin da ladabi ya miƙa masa. Ya ce wannan shi yake sassauta numfashin injin don kada ya harbi mutum. A taka kik a hankali har a ji ya yi tauri, a ja ɗan hannun, a ƙara dannawa kaɗan ya wuce wurin taurin, a saki, a bar ƙarfen ya dawo sama, sannan a taka sau ɗaya har ƙasa. Kada kuma a taɓa totur. Ya mayar da soso, ya buɗe makullin mai, ya ɗan jira. Mutumin nan bai fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Ya hau ya taka sau ɗaya, Zalɓe ya tashi.

Ya kashe, ya ce in gwada. Na yi yadda ya ce, ya tashi. Mai fito ya ce shi ma sai ya taɓa, ya tashi. Wata mai tallan nono da ke jiran jirgi ta ajiye ƙwaryarta tana dariya ta ce ko ita ma. Babu wanda ya taya ta dariyar, domin mun ga fuskar Tukur.

Ya ce, "Baba, tun a jirgi ka gani?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na gani, Malam. Na so in yi magana, to na ga ma'aikacin gwamnati ne da abin hawansa, ba a tambaye ni ba. Na ce kada in yi shisshigi."

Tukur ya gyaɗa kai ya ce ya kyauta, haka ya kamata, Allah ya saka da alheri. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce a ba shi ya ji yadda ake yi sau ɗaya. Ya kama ƙafar da hannu biyu zai ɗora ta a kan ƙarfen, ta ƙi lanƙwasuwa. Ya sake gwadawa. Ya tsaya yana kallon ƙarfen nan da ya goge ya yi fari saboda tafin ƙafarsa. Can ya ce, "Muttaka, kai za ka tuƙa. Maganin zai lalace."

Ni gajere ne, ƙafata ba ta kai ƙasa a kan Zalɓe, sai da mai fito ya riƙe mu muka tashi. Tukur yana baya yana gaya mini inda zan bi, nan akwai rami, can taɓon yana da zurfi, bi ta hagun tsamiya. Muka isa ruga bayan azahar. Arɗo da mutanensa suka sauke shi kamar ƙwai. Ya ce a kawo shanu. Ya gwada tsayawa a gefen bijimin farko, bijimin ya juya gindi, Tukur ya so ya goce ƙafa ta ƙi, sai da Arɗo ya fizge shi. Daga nan aka kife masa turmi ya zauna, ana jawo masa su ɗaya bayan ɗaya ana danne su a gabansa. Ya san da yawansu da suna. Saniya ɗari da tamanin da uku ya yi wa allura a zaune, bai tsallake ko maraƙi ba. Da ya gama ya wanke sirinjinsa, ya kira Arɗo gefe ya ce masa baɗi wani za a turo, a yi haƙuri da shi, a riƙa nuna masa masu harbi. Arɗo ya ce, "Kai fa, Malam?" Ya ce shi an ba shi aiki a cikin ofis, kusa da taga.

Da za mu dawo na taka sau ɗaya Zalɓe ya tashi, na ji haushin tashin nan har cikin raina. Muka kama hanyar mashigi, rana ta yi sanyi, shanu suna komowa daga kiwo ta bakin ruwa. Na ƙara wuta don mu samu jirgi. Sai na ji ya taɓa ni.

Ya ce, "Tafi a hankali."

Na ce, "Gwiwar ce?"

Ya ce, "A'a. Kallo nake yi."

Na sassauta har muna tafiya kamar masu bin gawa. Bai ƙara gaya mini inda rami yake ba. Bayan mun wuce tsamiyar na ji goshinsa ya sauka a tsakiyar bayana, rigata ta fara jiƙewa a wurin. Ina da maganganu sun fi goma a bakina, irin waɗanda taubashi yake da ikon faɗa. Ban faɗi ko ɗaya ba har muka iso bakin ruwa.